Laimar Kwaɗi a Tukunyar Wasila

Wasila tana dawowa daga rijiya da tulu a ka ta ji kakarin amai daga bayan ɗakin surukarta. Ta dire tulun ba ta ko tsaya gyara masa zama ba, ta zagaya da sauri. Inna Shatu ce durƙushe, hannu ɗaya dafe da bango, ɗaya riƙe da ciki, zufa ta jiƙe mata kallabi.

"Inna, me ya same ku?"

"Cikina," in ji tsohuwar da ƙyar. "Kamar ana murɗa wanki a ciki."

Wasila ta riƙe ta, ta waiga wajen murhu don ta ga ko da sauran ruwan zafi. Sai idonta ya sauka kan 'yar tukunyar da ta ɓoye a bayan turmi. Murfin yana ƙasa. Ba sai ta leƙa ba, ta san babu komai a ciki.

Wasila ba 'yar Gidimuni ba ce. A Gaya aka haife ta, ta tashi a hannun kakarta can ƙetaren kogi, a ƙasar Benin, inda mata ke shiga daji da ƙwarya in damina ta kankama su tsinto naman kaza su yi miya. A can Lawali ya gan ta lokacin da yake fataucin albasa, ya aure ta, ya kawo ta gidansu. Mutanen nan kuwa ba sa cin naman kaza. Laimar kwaɗi suke ce masa, in suka gan shi a hanya ƙafa suke sawa su shure.

A shekarar ruwa ya yi yawa, har tafki ya hau lambunan da ke gefensa. Da safen nan Wasila ta tafi tsinkar tafasa, ta bi ta ƙarƙashin itatuwan turaren da 'yan gandun daji suka dasa tun da daɗewa. Nan ta gan su sun tsiro cikin ruɓaɓɓen ganye, jajayen huluna da fararen ƙafafu, sak irin na kakarta. Ciki gare ta, ya fara tsufa, kuma an daɗe abinci bai zauna mata ba. Yawunta ya tsinke. Ta cika bakin zanenta, ta shigo gida ba ta gaya wa kowa ba. Rabi ta tafasa shi sosai, ta zubar da ruwan, ta soya da yaji ta cinye. Sauran rabin ta ɗan juya shi sama-sama a mai da gishiri, ta rufe da nufin ta ƙarasa dafawa da yamma.

"Inna, kun ci abin da ke cikin tukunyar can?"

"'Yar ƙodar nan? Na ɗan taɓa."

Idon Inna ya daɗe da yin rauni. Wasila ta buɗe baki za ta yi magana, sai wani aman ya sake taso wa tsohuwar, ƙafafunta suka saki.

Lawali ya kai kayan lambu Damagaram, sai gobe zai dawo. Wansa Yakuba ne a gida. Da ya ji ihun Wasila ya fito daga sashensa da gudu, ya ɗaura san noma a amalanke, suka shimfiɗa Inna a kan tabarma suka nufi gidan likita.

Majo Mahamud, shugaban gidan likitan, mutum ne marar gaggawar magana. Ya ɗaura wa Inna ruwa, ya yi mata allura, sannan ya juyo.

"Me ta ci?"

"Fura ta sha da safe," in ji Yakuba. "Ita muka sha dukanmu."

Wasila ta sunkuyar da kai. "Ba fura ba ce kaɗai."

Ta faɗi komai. Kafin ta kai aya Yakuba ya miƙe tsaye.

"Laimar kwaɗi? Laimar kwaɗi kika dafa a gidanmu, kika ba uwata?"

"Ban ba su ba, Yaya. Ɓoyewa na yi."

"Abin kirki ake ɓoyewa? Wallahi in wani abu ya sami tsohuwar nan..."

Matan da ke zaune a benci suna jiran awo duk suka zuba mata ido. Wasila ta san kafin magariba labarin zai gama gari, kuma ba yadda ta faɗe shi zai zaga ba.

Majo ya ɗaga wa Yakuba hannu. Wasila yake kallo, har ya kai idonsa kan cikinta.

"Ke kin ci?"

"Na ci. Na fi su ci ma. Kuma ga ni, ba na jin komai."

Ta faɗi haka ne don ta kare kanta, amma sai ta ga fuskar Majo ta canja.

"Zauna," ya ce. "Ki saurare ni. Wanda ke sa amai da wuri, yawanci wahalar da mutum yake yi ya sake shi. Akwai wani kuma da ba ya nuna komai. Mutum ya wuni yana hira yana dariya, shi kuwa yana can yana cin hanta. Ranar da za a farga aiki ya riga ya ɓaci. Ban ce shi kika ci ba. Amma a yanzu na fi jin tsoronki a kan tsohuwa."

Ɗan da ke cikinta ya motsa. Wasila ta dafa wurin.

Majo ya dama mata wani baƙin magani kamar garin gawayi, ya tsaya a kanta sai da ta shanye. Sannan ya ce shi dai bai san naman kaza ba, ba a koya musu bambance shi ba. Amma akwai wadda suka yi lakwal, wato makaranta, tare, Madam Ummul Khairi, tana koyar da ilmin tsirrai a jami'a a Damagaram. Ya fita bakin ƙofa inda rezon waya ya fi kamawa, ya kira ta. Da ya dawo ya ce:

"Ta ce baki ba zai kwatanta mata ba, sai ta gani. A koma wurin a tono wanda ya rage, da gindinsa duka, kada a tsinke. Kuma a kawo abin da kika yanke kika zubar lokacin da kike gyarawa. Duka, ko ɗaya kada a bari."

"Ni kaɗai na san wurin," in ji Wasila.

Majo ya dube ta. Ba ya son ta bar gabansa, amma ba dabara. "Malam Yakuba, kai za ka kai ta. In ta ce cikinta ya murɗa, ko jiri ya ɗebe ta, ku bar komai ku juyo."

Yakuba ya juya. Ya fita ya kwance san.

A hanya Yakuba bai ko waiwaye ta ba. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa kan dabinai. Wasila tana zaune a bayan amalanken tana sauraron jikinta. Duk girgizar da taya ta yi sai ta tambayi kanta, wannan murɗa ce ko hanya ce? Bakinta ɗaci, amma ai dama tun da ta sami cikin bakinta ɗaci yake.

A gindin turaren suka tarar awaki sun bi ta wurin. Ko'ina jajayen gutsattsari ne a tattake cikin laka. Wasila ta durƙusa tana yaye ganye da hannu, har Allah ya sa ta sami biyu da suka tsira a jikin saiwa. Ta karɓi wuƙar Yakuba ta tono su a hankali da ƙasarsu.

"Wannan fa?" in ji Yakuba.

Da yatsan ƙafa yake nuna mata wani da ke ɗan nesa kaɗan. Fari ne fat, dogo, yana da zobe a wuya kamar an ɗaura masa tsumma. Da ta tona sai ta ga gindinsa a kumbure, zaune cikin wata 'yar jaka mai kama da ɓawon ƙwai. Ba ta taɓa ganin irinsa a ƙwaryar kakarta ba. Ta dai tuna tsohuwar tana buge mata hannu a daji saboda wani fari, tana cewa ko taɓawa kar ta yi.

"Kin tsinci irinsa da safe?"

Wasila ta yi ƙoƙarin tunawa. Cikin waɗanda ta tsinta akwai masu haske, waɗanda ruwan sama ya wanke musu ja har suka koma kusan farare. Da sauri ta tsince su, tana waige kada wani ya gan ta.

"Ban sani ba, Yaya."

Ya dube ta, wannan ne karo na farko tun da suka fito. Ya tsinko ganyen tumfafiya ya naɗe farin daban, ya ce ta hau.

Suna isa gida yayyafi ya fara. A juji ta zubar da gindayen da ta yanke, bayan danga, tare da ɓawon albasa da toka. Kaji sun rigaye su, suna ta tono. Yakuba ya daka musu tsawa ya kore su, ya tuɓe rigarsa ya miƙa mata ya ce ta riƙe ta a sama ta tare ruwan. Shi kuma, magidanci mai furfura a gemu, ya durƙusa a kan juji yana tone toka da kashin awaki da yatsunsa. Duk wanda ya samo sai ya ɗaga.

"Wannan?"

"Shi ne."

"Wannan fa?"

"Ɓawon rogo ne."

Maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna kallo. Bai ɗaga kai ba. Sai da ya bi jujin kaf, har inda kaji suka watsa, sannan suka tara abin da suka samu a faifai, suka kife ƙwarya a kai. Ruwan ya kece suna hanya.

Suka tarar aman Inna ya ɗan lafa, amma tana kwance ido rufe, leɓɓanta a bushe. Majo ya jawo tebur bakin taga, ya shimfiɗa farar takarda, ya jera komai a kai. Ya kira Madam Ummul Khairi ta bidiyo. Hoton yana zuwa yana tsayawa saboda hadari. Mace ce siririya mai tabarau, ga alama daga aji ta fito.

"Ina mai tsintar?" ta tambaya. "Sannu, baiwar Allah. Ba faɗa zan yi miki ba, taimakona za ki yi. Ɗauki jan nan ki juya min cikinsa."

Wasila ta juya shi. Ƙarƙashin hular farare ne sirara a jere kamar haƙoran mataji.

"Shafa su da yatsa."

Ta shafa, suka farfashe suka zubo kamar garin ƙuli.

"Wani ruwa ya fito? Fari, irin na tumfafiya?"

"Babu."

"To, karya ƙafar, kusa da wayar, in ji."

Wasila ta karya. Ta yi ƙas, ta rabu biyu tsaf, ba zare ko ɗaya.

"Kamar alli," in ji Majo.

"Haka nake so," in ji Madam. "Wannan dangi ne guda, da haka ake gane su: ba zobe, ba jaka a gindi, kuma karyewa suke yi, ba sa tsagewa. Da saiwar itace suke rayuwa, shi ya sa kika same su a gindin turare. Ban ma zaci akwai su a ƙasarmu ba. A cikinsu akwai na ci, akwai mai wahalar da ciki. Mahamud ya ce akwai wani fari, yanzu nuna min shi."

Yakuba ya warware ganyen. Hoton ya tsaya cak, muryar ta yanke. Majo ya ɗaga wayar sama, ya fita baranda ruwa na feshinsa, ya dawo. Da fuskarta ta sake bayyana ta matso dab da wayar.

"Mahamud, sa safar hannu. Kai za ka karya wannan."

Ya lanƙwasa ƙafar. Ba ta karye ba, sai ta tsage zare-zare kamar ɓawon rake.

"Wuri ɗaya kuka same su?"

"Kusa da juna," in ji Yakuba.

Madam ta gyara tabarau. Ruwa na dukan kwano.

"Ba zan rantse da sunansa ta waya ba," ta ce. "Amma a danginsa ne masu kisa suke. To, yanzu gindayen da aka zubar. Ɗaya bayan ɗaya. A duba ko da jaka, sannan a karya."

Wasila ta ɗauki na farko. Gindin siriri ne, ba kumburi. Ƙas. Majo ya ture shi gefe. Na biyu ma haka. Yakuba yana tsaye a bayanta ba riga, ruwa na ɗiga daga gemunsa, duk wanda ya karye sai ya ce "Alhamdu lillahi" ƙasa-ƙasa. Matan benci sun taso sun cika bakin ƙofa. Faifan yana raguwa, tarin gefe yana ƙaruwa, har ya rage saura guda.

Wannan kaji sun tsattsage shi, ruwa kuma ya jiƙa shi ya zama kamar tuwon da ya kwana. Wasila ta matsa, ya narke a yatsunta. Ba ƙas, ba zare. Akwai wata 'yar fata a jikinsa, amma ba mai iya cewa jaka ce ko ɓawon albasa ne ya manne.

"Matso da shi," in ji Madam. "Juya. A'a. Ba zan yi muku ƙarya ba, wannan ban iya cewa komai a kansa."

Wasila ta ajiye shi a faifan. Ta zauna a ƙasa.

"In duk na ci ne, me ya kayar da tsohuwa?" Yakuba ya tambaya.

Wasila ce ta amsa, daga inda take zaune. "Kakata takan ɗan taɓa kowanne a harshe ta tofar. In ya yi yaji ta jefar. Ni ban yi ba. Bakina ba ya bambance komai yanzu."

"Wannan gwajin a dangin masu karyewa kaɗai ake yin sa," in ji Madam da sauri, "kuma sai wanda ya riga ya tabbatar da dangin. Kada wani ya ji ya..."

Ba ta rufe baki ba Yakuba ya gutsuri gefen jar hular ya ɗora a harshe. Ya tsaya kamar ba komai. Can sai ya zabura ya yi taga yana tofarwa, idanunsa na zubar da ruwa.

"Barkono! Wallahi ya fi barkono!"

Majo ya miƙa masa buta yana yi masa faɗa. Madam ta ce to ga abin da ya kayar da Inna nan: mai yajin ne, ta ci shi bai dahu ba, ga tsufa. Wasila kuwa tafasawar da ta yi ta zubar da ruwan ce ta rage masa ƙarfi. Amma saboda gindin nan guda da ba a gane ba, ba za ta ce kowa ya koma gida ba. A kawo su Damagaram su biyun a auna jininsu, a kuma sake aunawa, don irin wancan dafin ba ya nuna kansa da wuri.

Ruwa na tsagaitawa aka sa su a ambilans. Yakuba ya zauna a gaba. A baya Inna ta buɗe ido, ta lalubo hannun Wasila.

"Ke ma kin ci, aka ce."

"Na ci, Inna. Ku yafe mini."

"Yaron yana motsi?"

"Yana yi."

"To, yi shiru." Ba ta saki hannun ba har suka wuce Mirya.

Lawali ya tarye su a ƙofar babban asibiti, ya rasa wadda zai fara tambaya. Aka ɗebi jini, aka ba su gado kusa da juna. Awon farko ya fito lafiya, amma lokotoro, wato babban likita, ya ce wannan bai isa shaida ba, sai an jira. Jiran ne ya fi komai wuya. Wasila ba ta jin ciwon komai, kuma rashin ciwon ne ke hana ta sakewa. Kullum da safe sai ta roƙi Lawali ya duba mata farin idonta a bakin taga, ko ya fara yin rawaya. Inna kuwa ta fara shan kunu, har ta soma ƙorafin ba a sa masa tsamiya yadda ya kamata ba.

Da awon ƙarshe ya fito, lokotoro ya ce hantar kowace ƙalau take, su tafi gida. Lawali ya fita waje ya kira wansa. Wasila tana jiyo muryar Yakuba ta wayar yana ta maimaita hamdala.

A Gidimuni labari ya riga ya yi rassa. Wasu sun ce baƙuwar Lawali sammu ta yi wa surukarta. Mata suka yi ta zuwa sannu, suna gaida Inna suna satar kallon Wasila. Inna ta bari sai da tsakar gida ta cika, sannan ta ce:

"Ku ji da kyau, don kada a ƙara mini gishiri. Yarinya ta rufe tukunyarta ta ɓoye. Ni na bi ƙamshi na buɗe. In akwai mai laifin kwaɗayi a gidan nan, mu biyu ne."

Aka yi dariya, wasu da gaske, wasu don kunya. Maganar ba ta mutu a ranar ba, amma ta daina fitowa fili.

Yakuba ya sare ƙaya ya kewaye gindin turaren saboda yara da awaki. Bai ba Wasila haƙuri da baki ba, ita ma ba ta jira ba. Ya dai koma aiko mata da rake daga lambunsa.

Bayan an kwana biyu Madam Ummul Khairi ta zo da kanta, da 'yan kwalaye da abin ɗaukar hoto. Wasila ta kai ta wurin. Rana ta riga ta busar da kusan komai, sai 'yan ƙanana da suka sake tsirowa a inuwa. Madam ta tono su, ta yi ta tambayar Wasila yadda kakarta ke kiran kowane iri da yadda take dafa shi. Daga baya ta aiko ta bakin Majo cewa dangin dai ta tabbatar, amma ainihin sunan jan bai dace da ko ɗaya cikin waɗanda ta sani ba, ta tura shi wani wuri a ƙara dubawa.

Wasila ta haihu bayan an gama girbin gero, mace, aka sa mata Ramlatu. Har aka yaye ta amsar ba ta zo ba. Daminar da ta biyo kuwa ruwa ya yi ƙaranci, tafki ya ja baya, ko ɗaya bai tsiro a gindin turaren ba.